Yadda Ɗantani Dillali Ya Turke 'Yan Ƙwallon Gaya

Duk wanda ya ci kasuwar Gaya a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa ya san Ɗantani dillali, in bai san shi da ido ba to ya san shi da murya. A kara, wato kasuwar shanu, yake zama, gajere mai tumbi, da sandar makiyaya a hannu ko da yake bai taɓa kiwon ko akuya ba. Gaskiya dai a faɗe ta, mutumin ya san shanu. Zai ɗaga leɓe ya duba haƙora, ya matsa gindin wutsiya, ya daki tozo, ya gaya maka irin naman da za ka samu, kuma haka za ka tarar. Da wannan idon yake ci da iyalinsa, don ba shi da gonar kirki. Matsalarsa ɗaya ce, ya ɗauka duk abin da Allah ya halitta da ƙafafu bijimin sa ne.

A shekarun nan ne wani malamin firamare, Malam Abdulsalam, ya kawo wa garin wasan ƙwallon kwando daga Kano. Maƙeri ya lanƙwasa ƙarfe, kafinta ya buga allo, aka kafa su a kan azara a filin makaranta. Alhaji Badaru mai sayen gyaɗa ya ɗauki nauyin ƙungiyar, ya ɗinka musu riguna, yana kuma ba su ɗan abin sabulu duk wata. Tun daga nan samarin suka daina zuwa ƙodago, suna yawo suna cewa su ma'aikata ne. Da aka buɗe gasa tsakanin garuruwan gabas suka yi ta ci, sai Ajingi kaɗai da ta doke su da ƙyar. Ana shiga hutun rabin gasa aka kira Malam kwas a birni.

Kayen nan na Ajingi ya tsaya wa Alhaji a rai. Wata rana yana zaune a zaurensa, fatake da mahauta da dillalai sun cika tabarma.

"Ni so nake a duba mini yaran nan," in ji shi. "An ci rabin gasa, ban san wa ke aiki ba, ban san wa ke cin tuwona a banza ba. Ga Malam ya tafi."

Ɗantani ya gyara zama. "Alhaji, ranka ya daɗe, dubawa ce? Ai ka zo gida."

"Kai Ɗantani, ka taɓa buga ƙwallon nan?"

"Na taɓa cin ciyawa ne? Amma ga shi duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni sanin shanu."

Aka bushe da dariya. Shi kuwa dariya ba ta kashe masa jiki, ƙara hura shi take. Ya miƙe ya buga sanda a ƙasa.

"Ku shaida, jama'a. A ba ni yaran nan kafin a koma. In mutanen Ajingi suka sake cin mu, kada wanda ya ƙara kawo mini ko ɗan akuya in duba masa."

Mutanen da ke zaune kuwa su ne dai masu kawo masa shanun. Suka ce sun shaida, suka ƙara da cewa ba sa mantuwa.

Washegari ya tara 'yan wasa a filin makaranta. Wani ya miƙo masa ƙwallo, ya ture ta da sanda ya ce ba ita ya zo dubawa ba. Ya sa suka tuɓe riguna suka jeru. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga leɓe, yana matsa ƙugu, yana dukan bayan wuya. Wanda ya yi motsi sai ya ce masa "Hoo!" kamar yadda ya saba. Mata masu dawowa daga rijiya suka sauke tuluna suka tsaya kallo.

Ya iso kan Surajo. Surajo dogo ne siriri, shi ke jefa yawancin ƙwallayen Gaya a kwando, duk garin an san haka. Ɗantani ya ɗaga kai ya dube shi, ya zagaya shi, ya bi haƙarƙarinsa da yatsa, ya girgiza kai.

"Wa ya sayo wannan?"

"Kawu, ni ne fa Surajo. Ni na fi kowa ci a rabin farko."

"Ka ci me? Da kana ci da an gani a jikinka. Dubi wuya kamar na zalɓe. Ba tozo, ba ƙirji, ba cinya. Kai ne asarar Alhaji."

"Kawu, ƙwallo nake nufi. A tambayi kowa."

"Ba na tambayar kowa, ni ake tambaya. Ɗauki rigarka."

Surajo ya ɗauki rigarsa, idonsa ya kawo ruwa don baƙin ciki. Bai kwana a garin ba. Ya kama hanyar Toranke wajen dangin uwarsa, a ƙasar Ajingi.

Na gaba Bala ne, ɗan gajere mai gudun tsiya, wanda shi ke raba wa kowa ƙwallo. Ɗantani ya duba haƙoransa ya ce maraƙi ne, amma ƙashinsa mai kyau ne, in ya samu kiwo zai yi kuɗi. Sauran ya kori biyu, ya bar uku. Don cike gurbi ya shiga kasuwa da kansa ya zaɓo Inuwa mahauci, ƙato wanda sai ya karkata yake shiga ƙofar gidansa, da wasu 'yan dako biyu masu ɗaukar buhun gyaɗa.

Da yamma ya kai wa Alhaji bayani.

"Na gano ciwon, ranka ya daɗe. Malam mutumin kirki ne, amma ɗan boko ne, ya kashe yaran nan da gudu. Wa ya taɓa ganin an kora dabba da gudu safe da yamma ta yi kyau? Turke su zan yi. Ka ba ni gero da dawa da gyaɗa, ka zuba ido."

Alhaji ya so ya musa. Amma shi ma duk ragon layyarsa Ɗantani ke zaɓa masa, bai taɓa jin kunya ba. Ya sa aka kai buhuna.

Haka aka buɗe turka a gidan Ɗantani. Ya kafa rumfa a bayan gida, ya shimfiɗa tabarmi, ya kwantar da ƙungiyar Gaya gaba ɗayanta. Ƙwallon ya ɓoye ta a cikin rumbu. Doka ita ce ba gudu, ba tsalle, ba tsayuwa sai ta salla. Da safe koko da ƙosai, da hantsi fura, da rana dambu, da la'asar ƙuli-ƙuli, da dare tuwo. Samarin da farko suka ga kamar wasa. Da suka ji daɗin kwanciya sai suka fara cewa lallai Kawu ya fi Malam sanin aiki.

Hanne, matar Ɗantani, ita ce ba ta ga abin dariya ba.

"Maigida, ni aure na zo yi ko gidan abinci aka buɗe mini? Hannuna ya yi kanta wajen daka."

"Ki yi haƙuri, Hanne. Ranar da muka dawo daga Ajingi sai kin rasa inda za ki sa kanki don gaisuwa."

"Buhunan Alhaji sun kusa ƙarewa. Wannan mahaucin shi kaɗai yana tashi da ƙwarya biyu."

"To a buɗe rumbunmu. Ba a tsayar da turka a tsakiya."

"Rumbunmu? Mu kuma mu ci me?"

"Mu ci suna."

Da aka kwana biyu cin abincin ya fara ja baya, don ciki ma yana da iyaka. Ɗantani bai damu ba, ya san maganin wannan a wajen shanu. Ya sayo jar kanwa, ya jiƙa ta a randa har ruwan ya yi kauri, ya bi kowa da moɗa cike. Bala ya ce yana da ɗaci. Ɗantani ya ce ɗacin ne maganin.

Ba a yi nisa ba aka soma gudun da aka hana. Banɗaki ɗaya ne a gidan, ƙatti kuwa sun fi ƙarfinsa. Wasu suka yi waje, wasu suka haura katanga. Indo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta leƙo ta kan danga tana salati.

"Ɗantani! Ka zo ka fitar mini da mahaucin nan daga banɗaki! Ko sallama bai yi ba!"

"Iya, yi haƙuri, aikin gari ne."

"Aikin gari a gidana? Ya karya mini danga, ya take mini kaza!"

"Dattin ciki ne ke fita, Iya. Bayan wannan sai kitse."

Abin takaicin, gaskiyarsa ce. Da kanwar ta sake su sai cin ya dawo ninki biyu. Kumatu suka fito, wuyoyi suka yi taiɓa. Bala da ake kira iska ya koma sai ya dafa bango yake tashi. Da aka kawo rigunan wasa ba wadda ta wuce ƙirji, sai da tela ya farke gefe ya ƙara ƙyalle. Ɗantani kullum da la'asar yakan bi su yana matsa ƙugu yana lumshe ido, yana cewa ai wannan ko Ikko aka kai su sai an yi layi.

Ranar wasa Alhaji ya ba da motar gyaɗa. Rabin Gaya ya bi su, wasu a keke, wasu a jaki. A filin Ajingi jama'a ta yi dafifi har kan bishiyoyi. Mai kula da ƙungiyar Ajingi wani dillali ne shi ma, Baffa na Toranke, wanda suka daɗe suna ja-in-ja da Ɗantani a kasuwanni. Da ya ga ana sauko da 'yan Gaya daga mota ɗaya bayan ɗaya, ana riƙe musu hannu, sai ya cire hula ya riƙe baki.

"Ɗantani, sannu da fatauci. Kara tana can gaba, nan filin ƙwallo ne."

"Yi dariyarka, Baffa. Ina naka busassun?"

"Ga su can. Akwai ma wanda ka yar, na tsinta."

Ɗantani ya waiwaya. Ga Surajo cikin koriyar rigar Ajingi, yana nan yadda yake, ƙashi da fata, yana jefa ƙwallo tana faɗawa kwando ba ko taɓa ƙarfe. Ɗantani ya yi tsaki ya ce iska mai ƙarfi ɗaya ta ishe shi.

Ana haka sai ga Malam Abdulsalam a kan keke, ya sauka a mota daga Kano ya wuto kai tsaye. Ya gaishe da Alhaji, ya dudduba.

"Alhaji, ina yarana?"

"Ga su nan a gabanka, Malam."

Malam ya kalle su, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Waɗannan cinye yarana suka yi?"

"Malam, ni ne Bala," in ji wani mai kumatu, cikin ƙaramar murya.

Malam ya nemi kututture ya zauna.

Alƙalin wasa ya busa usur ya cilla ƙwallo sama. Surajo ya tashi ya doke ta. Inuwa mahauci, da aka sa su yi tsallen tare, yana nan yana shirin tashi har aka jefa ta farko a kwandon Gaya. Kafin 'yan Gaya su taka zuwa wancan gefen an dawo wannan, kafin su juyo an sake komawa. Daga baya suka ga wahalar ba ta da amfani, suka tsaya a tsakiyar fili suna bin wasan da ido.

"Ku tare su!" Ɗantani yana ihu yana kaɗa sanda. "Ku yi musu shinge da jiki!"

Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya ji magana. Ya tare wani ɗan Ajingi, ya sunkuce shi ya ɗora a kafaɗa kamar buhu, ya tsaya yana tambayar inda za a sauke. Alƙali ya kore shi. Can ƙwallo ta gangaro ta faɗa hannun Inuwa. Ya rungume ta a hammata ya nufi kwando yana tafiyar ƙasaita. Alƙali ya busa, ya ce ba a tafiya da ita sai ana bugawa a ƙasa.

"In buga ta a ƙasa bayan na samu da ƙyar?" in ji Inuwa. "Wallahi ba na sakinta."

Sai da mutum uku suka ɓamɓare ta daga hannunsa. Mutanen Ajingi suna faɗowa daga bishiya don dariya. Mutanen Gaya kuwa kowa ya sunkuyar da kai, Alhaji Badaru yana ta jan carbi da sauri.

A hutun rabin lokaci Ɗantani ya sa aka sauko da ƙwaryar fura daga mota, wai ƙarfinsu ne ya ragu. Ya bar su suna sha, ya zagaya wajen Baffa, ya ja shi gefe, ya kashe murya irin ta ciniki.

"Baffa, tsakanina da kai. Wannan siririn, ka sallama mini shi. In ba ka Inuwa."

Baffa bai kashe tasa muryar ba. "Albarka!"

"In ƙara maka da ɗan dako ɗaya."

"Albarka! Jama'a ku zo ku ji, Ɗantani na taya abin da ya yar!"

"To duka ukun, da ƙwaryar furar!"

"Ko da kai za ka haɗa, albarka!"

Filin ya ɗauki sowa. Ɗantani ya dawo yana gumi, ya tarar Bala ya yi barci a inuwar mota, da ƙyar aka tashe shi. Alhaji ya kira shi da yatsa.

"Ɗantani, ko ɗaya ba mu jefa ba. Ko ɗaya."

"Yanzu za ka gani, ranka ya daɗe. Na ajiye dabarar ƙarshe."

Dabarar ita ce, tunda kwandon ya ƙi saukowa, su za su hau. Da aka koma ya sa Inuwa ya je ƙarƙashin kwandon Ajingi ya durƙusa. Ɗan dakon da ya rage ya hau bayansa, Bala ya hau kan ɗan dako da ƙwallo a hannu. Alƙali yana ta busa usur, ba mai sauraronsa. Ɗantani da kansa ya shiga fili ya tsaya a ƙasa yana ba da umarni da sanda.

"Miƙe, Inuwa! A hankali! Hoo!"

Inuwa ya miƙe, furar da ke cikinsa ta motsa, ya yi tangaɗi. Bala ya ji zai faɗi, ya saki ƙwallo ya cafke ƙarfen kwando da hannu biyu. Da Balan da ne, da azarar ta ɗauke shi. Wannan Balan kuwa turkakke ne. Azara ta yi ƙara, ta karye daga gindi, allo da kwando da mutum uku suka taho gaba ɗaya. Da ƙura ta lafa sai ga Ɗantani zaune a ƙasa, ƙarfen kwando ya zarge masa a wuya, raga ta rufe masa fuska.

"An jefa!" wani ya yi ihu daga kan bishiya. "Gaya ta jefa ɗaya!"

Alƙali ya tashi wasan ya ba Ajingi. Sai da aka nemo maƙeri ya buɗe ƙarfen kafin wuyan Ɗantani ya fita, Surajo ne ma ya riƙe masa kai ana yi, yana cewa sannu Kawu. Alhaji Badaru bai yi masa faɗa ba. Ya dai ce motar ta cika, ya biyo su a ƙafa.

Ranar kasuwa ta zagayo. Da safe Hanne ta kife masa ƙwarya a gabansa ta ce ya duba, rumbu ya kai ƙasa, ko na kunun yara babu. Ya ɗauki sanda ya tafi kara ya zauna a inda ya saba. Fatake suna wucewa suna gaishe shi da ladabi fiye da kullum, ba wanda ya tsaya. Har rana ta take bai taɓa wutsiyar ko ɗan akuya ba. Wannan ya fi ƙarfen kwando ciwo.

Can wani mahauci daga Kademi ya zo ya nuna masa shanu biyu ya ce wanne ya fi. Ɗantani ya tashi da rawar jiki, ya duba da kyau, ya nuna jan. Mahaucin ya yi godiya ƙwarai, ya je ya sayi baƙin. Mai jan san da aka yaba ya biyo Ɗantani kamar zai yi kuka.

"Me na yi maka, Kawu? Tun safe ake taya shi, kana yabawa kowa ya watse!"

Labari ya zaga kara. Ba a jima ba sai ga wani makiyayi daga Gafasa, Haruna, janye da farin bijimi. Ɗantani ya tsura wa bijimin ido. Tozo ya kwanta gefe don kitse, ƙirji faffaɗa, gashi yana sheƙi. Tun da ya fara dillanci bai ga kamarsa ba, har hannunsa ya soma ƙaiƙayi.

Haruna ya durƙusa ya raɗa masa, "Kawu, taimako na zo nema. Don Allah ka kushe mini shi. Da ƙarfi, yadda kowa zai ji. La'adarka tana nan."

Ɗantani ya dube shi, ya dubi bijimin. Ya buɗe baki zai zage shi, sai ya tuna da yaran da ya baro ba kunu. Ya tashi a hankali, ya zagaya bijimin, ya ɗaga leɓe, ya matsa gindin wutsiya. Fatake suka fara matsowa. Ya yi gyaran murya.

"Wannan kumburi ne ba ƙiba ba! Duk wanda ya saye shi ya sayi ruwa!"

Kafin ya rufe baki mutum biyar sun kama igiya, kowa na ɗaga tayi a kan na ɗan'uwansa. Haruna ya cusa masa la'ada a aljihu ya shige cikin rigimar. Ɗantani ya tsaya a gefen bijimin, ya faki idon jama'a, ya ɗora hannu a kan tozon ya shafa.

"Ka yafe ni," ya ce masa a kunne. "Wallahi duk karar nan babu kamarka."